Hadayar Bazara a Bakin Tekun Senegal: Wa Ke Rawa, Wa Ke da Rawar?

A watan Maris na 2020, 'yan rawa 38 daga ƙasashen Afirka 14 suna zaune a Toubab Dialaw, wani ƙauyen masunta da ke kimanin kilomita 50 kudu da Dakar. Makonni suka kwashe suna koyon rawa guda ɗaya, wadda Bajamushiya Pina Bausch ta tsara tun 1975 a kan kiɗan Igor Stravinsky, mawallafin kiɗa ɗan asalin Rasha. Saura kwanaki kaɗan su hau dandamali a Dakar, sai gwamnatin Senegal ta hana taruwar jama'a saboda annobar korona. Shiri ya wargaje. Kafin kowa ya kama hanyar ƙasarsu, aka ce su fita bakin teku su yi rawar sau ɗaya daga farko har ƙarshe, rana na shirin faɗuwa, babu 'yan kallo sai kyamara. Florian Heinzen-Ziob, wanda dama yana wurin yana ɗaukar shirin fim, shi ya ɗauki hoton. Bayan 'yan watanni gidan rawa na Sadler's Wells da ke Landan ya saka shi a intanet, mutane suka biya kuɗi kaɗan suka kalla daga ɗakunansu.

Sai a watan Satumba na 2021 aka buɗe wasan gaban jama'a, kuma ba a Dakar ba, a Madrid. Daga nan ya zagaya manyan gidajen wasa na Turai, ya je Landan a watan Yuni na 2022, ya je New York a ƙarshen 2023. Ko'ina tafi ake yi, dakuna na cika.

An saba cewa idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A wannan lamari kiɗan bai canza ba, ko bugu ɗaya. Rawar ma ba ta canza ba, ko taku ɗaya. Masu rawar ne kawai suka canza, kuma wannan kaɗai ya isa ya tayar da tambayoyin da shekaru 45 na nuna wasan a Turai ba su tayar ba.

Abin da kiɗan ya ɗauko tun 1913

Sunan kiɗan da Faransanci Le Sacre du printemps. Bausch ta kira nata aikin da sunan Jamusanci mai ma'anar hadayar bazara, kuma da shi zan riƙa kiransa. Bazarar da ake nufi ita ce ta Rasha, lokacin da ƙanƙara ke tsagewa ƙasa ta farfaɗo bayan dogon sanyi. Stravinsky ya ce tunanin ya zo masa ne a 1910: dattawa zaune a da'ira suna kallon wata budurwa tana rawa har ta mutu, domin a faranta wa abin bautar bazara. Ya yi aikin tare da mai zane Nicholas Roerich, mutumin da ya shagala da binciken rayuwar kakannin Rashawa kafin zuwan Kiristanci. Ƙaramin taken da suka ba shi ma bai ɓoye komai ba: hotunan Rasha ta zamanin bautar gumaka, kashi biyu. Kashi na farko girmama ƙasa, na biyu hadaya.

Ranar 29 ga Mayu, 1913, ƙungiyar rawar Sergei Diaghilev ta nuna shi a gidan wasa na Champs-Élysées da ke Faris, Vaslav Nijinsky ya tsara rawar, Pierre Monteux ya jagoranci makaɗa. Hayaniyar da 'yan kallo suka yi a daren ta zama labari, har an ƙara mata gishiri da yawa daga baya. Abin da ya tabbata shi ne mutanen sun zo kallon rawar bale, wadda suka sani da miƙe ƙafa waje da tashi sama kamar ba nauyi, sai suka ga mutane sun karkato da ƙafafu ciki suna dukan ƙasa da diddige. Kiɗan kuma ya fara da wata doguwar sarewar katako da aka matsa mata ta yi siririyar murya wadda ba a santa da ita ba, sannan ya faɗa cikin wani sauti guda da ake ta maimaitawa, nauyin bugun na sauka inda kunne bai zata ba. Masana irin su Richard Taruskin sun nuna daga baya cewa waƙoƙin ƙauye na Lituweniya da Rasha ne a ƙarƙashin sassa da dama na kiɗan, duk da Stravinsky ya riƙa rage musu muhimmanci a maganganunsa na baya.

Ke nan tun asali babu Afirka a cikin wannan aiki. Turawa ne suke zana wasu Turawa na dā can, suna ce musu mutanen farko. Amma Faris ɗin da aka nuna shi a ciki ta riga ta sami wani wurin da take ajiye kalmar "mutanen farko". A baje kolin duniya na 1889 an kafa ƙauyukan 'yan mulkin mallaka mutane suna zuwa kallo. Shekaru da dama bayan haka ana yawo da abin da ake kira ƙauyukan Senegal daga wannan birni na Faransa zuwa wancan, maza da mata da yara a cikin shinge, suna kiɗa suna rawa, ana biyan kuɗin shiga. Masu zane irin su Picasso suna zuwa gidan tarihi na Trocadéro kallon sassaƙen fuskokin Afirka. Shekaru 12 bayan daren Nijinsky, a 1925, a kan wannan dandamali na Champs-Élysées ɗin dai, Josephine Baker ta yi rawar da aka tallata da sunan rawar mutanen daji, Faris ta rikice da murna.

Na tsaya a kan wannan ne domin ido yana da gado. Mai kallon da ya zauna a Faris ko Landan a 2022 ba shi ya gina waɗancan shinge ba, amma hoton baƙaƙen mutane babu riga, suna dukan ƙasa, suna zaɓen wadda za a kashe, hoto ne da al'adarsa ta daɗe da tanadar masa wurin ajiyewa.

Bausch da jan ƙyalle

Pina Bausch ta yi karatu a makarantar Folkwang da ke Essen ƙarƙashin Kurt Jooss, ta ƙara a Juilliard da ke New York, sannan ta karɓi ragamar ƙungiyar rawa ta birnin Wuppertal na Jamus a 1973. A watan Disamba na 1975 ta fitar da nata fassarar kiɗan. Ta zubar da dattawan Roerich da rigunan ƙauyen Rasha gaba ɗaya. Rolf Borzik, wanda ya tsara dandamalin, ya sa aka shimfiɗe shi da baƙar ƙasa mai danshi, irin ta ruɓaɓɓen ganyen fadama. Mata suna sanye da 'yan siraran riguna masu launin fari-fari, maza baƙin wando babu riga. A ƙasa akwai jan ƙyalle guda. Matan suna miƙa shi daga hannu zuwa hannu cikin tsoro, kowace ta je gaban wani namiji ta dawo da gudu, har ya kama guda. Ƙyallen ashe riga ce. Wadda ta saka ta ita za ta yi rawa har ta faɗi.

Minti 35 ne ko kusa da haka, amma 'yan rawa sun sha cewa babu aikin da ke cin jiki kamarsa. Ƙasar tana riƙe ƙafa, gumi na haɗuwa da ita ya zama taɓo, numfashin 'yan rawa har kujerun gaba ake jinsa. A hannun Bausch labarin ya daina zama na wata ƙabila mai nisa. Ya zama labarin abin da taro ke yi wa mutum ɗaya, da abin da maza ke yi wa mata, kuma Bajamushen da ya kalle shi shekaru 30 bayan yaƙin duniya na biyu ba ya buƙatar a yi masa bayanin yadda jama'a ke tsayawa suna kallo ana hallaka wani.

Bausch ta riƙe aikin kam. Fiye da shekaru 20 ƙungiyarta kaɗai ke yinsa, sai a 1997 ta koyar da shi ga 'yan rawar gidan opera na Faris. Ta rasu a watan Yuni na 2009. Ɗanta Salomon Bausch ya kafa gidauniya da sunanta, kuma ita ke da ikon cewa wane zai yi rawar, wane zai koyar. A 2017 aka ba ƙungiyar bale ta ƙasar Ingila izini. Aikin Senegal haɗin gwiwa ne tsakanin wannan gidauniya, da Sadler's Wells, da makarantar École des Sables. Tsofaffin 'yan rawar Wuppertal, Josephine Ann Endicott da Jorge Puerta Armenta da Clémentine Deluy, su suka koyar.

Matar da ta buɗe ƙofa

Da sauƙi mutum ya ce Turawa sun zo Afirka neman jikin da zai sabunta musu tsohon kaya. Wanda ya faɗi haka ya tsaya nan bai san Germaine Acogny ba.

An haife ta a 1944 a ƙasar da ake kira Benin yanzu, ta tashi a Senegal. Kakarta Aloopho jagorar ibada ce ta addinin gargajiyar Yarbawa. Acogny ta buɗe ɗakinta na farko na koyar da rawa a Dakar a 1968, ta gina salonta na kanta a kan motsin kashin baya, tana haɗa rawar Afirka ta Yamma da abin da ta koya a Faris da New York. Daga 1977 zuwa 1982 ita ce shugabar Mudra Afrique, makarantar da shugaban Senegal na lokacin Léopold Sédar Senghor da mai tsara rawa Maurice Béjart suka kafa a Dakar. Bayan makarantar ta rufe ta yi shekaru a Turai, sannan ta dawo ita da mijinta Helmut Vogt suka gina École des Sables, wato makarantar rairayi, a Toubab Dialaw. Ɗaya daga cikin wuraren atisayen ƙasansa rairayi ne, kuma sunan kakarta yake ɗauke da shi. A 2021 bikin Biennale na Venis ya ba ta lambar zakin zinariya ta aikin rayuwa.

Tarihinta da kiɗan Stravinsky ya girmi wannan aiki nesa. Béjart, wanda ya yi nasa fassarar a Brussels a 1959, ya taɓa yi mata alkawarin zai tsara mata rawar wadda aka zaɓa domin hadaya. Bai cika ba har ya rasu. Shekaru da yawa bayan haka Bafaranshe Olivier Dubois ya tsara mata rawar mutum ɗaya a kan kiɗan, mai suna Mon élue noire, wato baƙar da na zaɓa. Tana da shekaru kusan 70, tana cikin wani ƙunƙuntaccen akwati kamar keji, lofe a baki, tana dariya, tana shafa farin fenti, tana karanto kalaman marubuci Aimé Césaire, ɗan tsibirin Martinique, a kan mulkin mallaka. Aikin ya kawo mata lambar yabo ta rawa mai suna Bessie a New York a 2018. Wannan mata ta san sarai abin da ake nufi da baƙar mace a cikin keji gaban Turawa, domin da gangan ta shiga kejin ta zuba musu ido.

Kuma ita da bakinta ta sha faɗa cewa da ta ga aikin Bausch sai ta ji kamar ibadar Afirka take kallo. A nan lamarin ya yi kauri. Idan ɗan jaridar Landan ya rubuta wannan magana, za a ce ya koma tunanin 1913. Idan jikar Aloopho ta faɗa, wani abu ne dabam: mace ce da ta san hadaya a matsayin aikin ibada na gidansu, ba a matsayin abin tsoro na littafi ba, tana cewa ta gane abin da Bajamushiyar nan ta taɓo. Magana ɗaya ce, baki biyu. Matsalar ita ce maganar tana fita daga bakin Acogny ta shiga takardar talla, daga nan ta zama ta kowa.

Akwai inuwar Senghor ma a nan. Shi ne ya rubuta a 1939 cewa shauƙi na baƙar fata ne kamar yadda hankali yake na Girkawa, maganar da marubutan Afirka da dama ba su taɓa yafe masa ba. Ya yi nufin ɗaukaka, amma ya sake raba kayan yadda Turai ta raba su tun farko: ku riƙe tunani, mu riƙe jiki. Duk yabon da aka yi wa wannan wasa da kalmomi irin su ƙarfi, zafi, ɗanyen kuzari, kusanci da ƙasa, yana tafiya ne a gefen wannan rami.

Abin da ke faruwa a kan dandamali

Bari a fara da abin da ba shi da gardama. 'Yan rawar sun iya. Sun fito daga horo iri-iri, wasu rawar gargajiya, wasu rawar titi, wasu rawar zamani, kuma da yawansu ba su bi ta makarantar bale ba, alhali tsarin Bausch cike yake da lanƙwasar hannu da juyin kafaɗa da suka samo asali daga Folkwang. Ga kuma ƙidayar Stravinsky, wadda ke sauya ma'auni kusan kowane layi a rawar ƙarshe. Wanda ya ce ai 'yan Afirka kiɗa a jininsu yake ya raina wahalar da suka sha. Wannan kiɗa ba ya cikin jinin kowa. Makaɗan Monteux ma sai da suka yi atisaye mai yawa kafin su kama shi. Ƙirga shi ake yi, a haddace, a maimaita har jiki ya daina tambaya. Yabon da ke cewa abin ya zo musu a halitta yana ƙwace musu ladan aikin da suka yi da kai.

Sai maganar tufafi da ƙasa, wadda a ganina ita ce ta fi nuna yadda aiki ke ɗauke da zaton wanda ya tsara shi ba tare da ya sani ba. Rigunan Borzik an zaɓe su ne su yi kusa da launin fatar matan Wuppertal, domin daga nesa su zama kamar ba su da kariya, kusan tsirara. Baƙar ƙasar kuma tana ɓata farar fata sannu a hankali, mai kallo yana ganin mutane suna komawa taɓo a gabansa. A jikin baƙar mace lissafin ya juya. Rigar tana fitowa fili ta zama riga sosai, ita ce ke ɗaukar dattin, fata kuma sheƙin gumi take nunawa. Ba wai ya fi muni ba, wani lokaci ma ya fi kyau. Amma hoto ne dabam, kuma ya tona cewa abin da aka daɗe ana kira launin fata a ɗakin ɗinkin gidan rawa launin fatar wasu ne. Duniyar bale ta san wannan ciwo. Shekaru da yawa 'yan rawa baƙaƙe suna shafa wa takalmansu hoda su yi daidai da ƙafarsu, sai a 2018 kamfanin Freed na Landan tare da ƙungiyar Ballet Black suka fitar da takalma masu launin ruwan ƙasa.

Na uku shi ne mazan. Bausch ta zana su a matsayin barazana: garke guda, ƙirji a waje, suna ɗaga mata kamar kaya. A Wuppertal ana karanta wannan a matsayin magana kan maza. Idan dukkan mazan baƙaƙe ne, 'yan kallo kuma mafi yawansu farare, akwai haɗarin a karanta shi a matsayin magana kan baƙaƙen maza, ko kan abin da ake yi wa mata "a can". Bature zai iya fita daga ɗakin yana jin ya kalli matsalar wasu, alhali Bausch madubi ta kafa masa. Wannan asara ce ga aikin kansa, ba ga 'yan rawar kaɗai ba.

Amma ba zan yarda da wanda zai ce saboda haka kada baƙaƙe su yi wannan rawa ba. Wannan hanya tana kaiwa ga wuri mara kyau: a ce ɗan rawa ya guji duk wani aiki mai duhu domin kada a yi masa mummunar fahimta, ya zama wakilin launinsa dare da rana, ba shi da izinin zama mugu ko matsoraci ko abin tausayi a kan dandamali kamar kowane ɗan wasa. Laifin ido ba a ɗora wa wanda ake kallo. A 1957, lokacin da ake rikicin haɗa yara baƙaƙe da farare a makarantun kudancin Amurka, mai tsara rawa George Balanchine ya haɗa Arthur Mitchell, baƙar fata, da Diana Adams, farar fata, a rawar mutum biyu cikin wasan bale mai suna Agon, kuma kiɗan Stravinsky ne shi ma. Da an bi tsoron idon jama'a da ba a yi ba, da kuma wataƙila Mitchell bai kai ga kafa ƙungiyar rawa ta Harlem a 1969 ba.

Makullin yana hannun wa?

Inda nake ganin lamarin ya fi tsami ba launin masu rawa ba ne, rabon iko ne. Kiɗan yana da masu shi: Stravinsky ya rasu a 1971, dokar Tarayyar Turai kuma tana kare haƙƙin mawallafi shekaru 70 bayan mutuwarsa. Takun rawar yana da masu shi, gidauniyar da ke Wuppertal. Masu koyarwa daga can suka zo, kuma aikinsu shi ne su tabbatar an yi yadda Bausch ta bari. Hanyar yawon da tikiti suna hannun manyan gidajen wasa na Turai da Amurka. Abin da 'yan rawar suka kawo shi ne jiki, da gumi, da fassarar da ke cikin numfashi da kallo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ɗan rawar Faris ko na Landan da ya yi wannan aiki shi ma iyakarsa ke nan, ba shi da ikon sauya taku. Bambancin shi ne ɗan rawar Faris yana da albashi, da gidan wasa na dindindin, da wasu ayyuka a jere. Yawancin 'yan rawar Toubab Dialaw masu zaman kansu ne. Idan yawo ya ƙare kowa zai koma neman na gaba, da rawa a jikinsa wadda ba shi da izinin nunawa ko koyarwa da kansa. Zanen aro ne, kyakkyawa ƙwarai, amma an san abin da ake faɗa game da zanen aro da katara.

Ba wannan ne karon farko da 'yan Afirka suka yi rawa da kiɗan ba. A 2004 Heddy Maalem, haifaffen Aljeriya mazaunin Faransa, ya tsara nasa da 'yan rawa 14 daga Afirka, yana mai cewa hargitsin birnin Legas ne ya zaburar da shi. Amma kwatancin da ya fi haskaka lamarin shi ne na Dada Masilo, 'yar Soweto. Ta haɗu da aikin Bausch tana ɗaliba a makarantar P.A.R.T.S. da ke Brussels, inda aka koya musu wani ɗan yanki. Ya zauna mata a rai shekaru. Da ta tashi yin nata, The Sacrifice, sai ta ɗauki tambayar ta bar kayan. Ta koma ta koyi rawar Tswana, ta mutanen da ta fito daga cikinsu, wadda ba ta tashi da ita ba. Ta ajiye faifan Stravinsky ta kawo makaɗa su zauna a kan dandamali suna kiɗa sabo, tare da mawaƙiya Ann Masina, wadda a ƙarshe take rungumar wadda za a sadaukar kamar uwa. 'Yan rawa suna iya juyowa su ce wa makaɗa sun yi sauri. Ta zagaya Birtaniya da shi a 2023. Ta rasu a watan Disamba na 2024 tana da shekaru 39.

Ba ina cewa na Masilo ya fi na Toubab Dialaw ba ne. A matsayin aikin fasaha, tsarin Bausch ya fi matsewa, ya fi razanarwa, kuma ba na jin akwai fassarar wannan kiɗa da ta kai shi. Amma Masilo tana da ikon cewa a'a ga Stravinsky, ta kuma yi amfani da shi. A nata aikin kiɗa ya canza, rawa ta canza, sunan da ke saman takarda ma nata ne.

Masu shirya wasan Senegal da alama sun ji wannan gibi, domin ba su tura Hadayar Bazara ita kaɗai ba. Kafin ta, ana nuna sabuwar rawar mutum biyu mai suna common ground[s], wadda Acogny ta tsara tare da Malou Airaudo, tsohuwar 'yar rawar Bausch wadda ita ma ta yi rawar wadda aka zaɓa a zamaninta. Mata biyu da suka haura 70, ɗaya baƙa ɗaya fara, suna zaune, suna taɓa juna, suna wanke ƙafa, suna tuna matattunsu. A nan Acogny mai tsarawa ce, ba mai masauki kawai ba. Aikin a hankali yake tafiya, kuma 'yan kallo da yawa jiran kashi na biyu suke yi. Bayan an gama shi ma'aikata ke fitowa da manyan mazubai su juye ƙasa a kan dandamali su baje ta a gaban kowa, abin da shi kansa ya zama abin kallo.

A daidai wannan lokaci gidajen rawa na Turai suna nasu lissafin. A watan Fabrairu na 2021 Pap Ndiaye da Constance Rivière suka miƙa wa gidan opera na Faris rahoto kan bambancin launi, gidan kuma ya ce ya daina shafa wa 'yan rawa baƙin fenti domin su fito a matsayin baƙaƙe. A watan Maris na 2023 Guillaume Diop, wanda mahaifinsa ɗan Senegal ne, ya zama baƙar fata na farko da ya kai matsayi mafi girma a ƙungiyar, wadda tushenta ke komawa zamanin Sarki Louis na 14. Wasan Toubab Dialaw ya faɗo a tsakiyar wannan yanayi, kuma ya yi wa gidajen da suka gayyace shi amfani: mako guda dandamali cike da baƙaƙen 'yan rawa, ba tare da an taɓa jerin ma'aikatan dindindin ba.

Shirin farko, wanda korona ta rushe, shi ne ya fi kusa da amsa mai kyau. Da an buɗe a Dakar, masu kallo na farko da sun kasance mutanen da baƙin jiki ba labari ba ne a wurinsu, kuma da sun ga abin da Bausch ta zana: maza, mata, tsoro, da jan ƙyalle. Maimakon haka, kallon farko da duniya ta yi wa aikin shi ne na bakin teku da faɗuwar rana, rairayi a madadin baƙar ƙasa, hoton da ya yi kyau har ya yi kama da abin da baƙo ke fatan gani idan ya zo Afirka.

Wannan gaɓar tekun kanta tana sauyawa. A watan Janairu na 2022, ana tsakiyar yawon wasan a Turai, shugaban Senegal na lokacin Macky Sall ya aza harsashin sabuwar tashar jiragen ruwa mai zurfi a Ndayane, maƙwabciyar Toubab Dialaw, aikin kamfanin DP World na sama da dala biliyan 1. Acogny da mazauna yankin sun fito sun ce aikin yana barazana ga makarantar da ƙauyen da masuntansa. A lokacin, ɗalibanta suna can suna karɓar tafi a ɗakunan da ke cike, da taɓon Wuppertal a jikinsu.